Abdoulaye Mamani, ɗan Sawaba na Damagaram da ya fito da Sarauniya Mangu

Da wuya a yau ka sami ɗan makaranta a Nijar da bai san sunan Sarauniya Mangu ba. Akwai gidan rediyo da talabijin mai sunanta, ana koyar da labarinta a aji, har ma gwamnati ta ƙirƙiro lambar yabo da sunanta. Amma kafin shekarar 1980, in ka fita daga ƙasar Arewa ta wajen Dogon Dutsi, kaɗan ne suka taɓa jin labarinta. Wanda ya ɗauko ta daga ƙauyen Lugu ya kai ta idon duniya mutumin Zinder ne, Abdoulaye Mamani, kuma shi nasa sunan bai kai inda nata ya kai ba.

An haife shi a 1932 a Gudumariya, cikin ƙasar Manga, gabas da Damagaram, amma Zinder ce ta zama garinsa. Bai fara da rubutu ba. Ya tashi ne a ƙungiyar ƙwadago, daga nan ya shiga jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, wadda ke da magoya baya sosai cikin ƙananan ma'aikata, da direbobi, da 'yan kasuwar birane. Bai cika shekara talatin ba aka zaɓe shi ɗan majalisa mai wakiltar Zinder.

Daɗin bai daɗe ba. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, Sawaba ta nemi jama'a su ƙi tayin Janar de Gaulle, su karɓi 'yancin kai nan take kamar yadda Gini ta yi. Hukumar mulkin mallaka da yawancin sarakuna suka tsaya wa ɗaya ɓangaren, Sawaba ta sha kaye, gwamnatin Djibo Bakary ta faɗi, kuma a 1959 aka haramta jam'iyyar. Lokacin da Nijar ta sami 'yancin kai a ƙarƙashin Diori Hamani, hanyar gudun hijira ce ta rage wa irinsu Mamani. Ya daɗe a Aljeriya yana wakiltar Sawaba, a shekarun da birnin Aljiyas ya zama masaukin masu gwagwarmayar ƙwatar 'yanci daga sassan Afirka.

A can ne ɗan siyasa ya rikiɗe ya zama marubuci. Kundin waƙoƙinsa, Poémérides, ya fito a Paris a 1972. Waƙoƙi ne na mutumin da aka raba da gida: akwai fushi a kan mulkin mallaka, akwai kewar ƙasa. Ya kuma rubuta wasan kwaikwayo mai suna Le Balai, wato tsintsiya. Duk da Faransanci ya yi su, kuma wannan ne ya sa talakawan da ya yi siyasa dominsu ba su iya karanta shi kai tsaye ba.

Da Seyni Kountché ya kifar da Diori ranar 15 ga Afrilu 1974, 'yan Sawaba suka ɗauka lokacin komawa gida ya yi. Mamani ya dawo, amma sabuwar gwamnatin soja ba ta yarda da su ba. Shi ma aka kama shi, ya yi zaman kurkuku, kamar yadda aka yi wa Djibo Bakary.

A 1980 ne kamfanin L'Harmattan ya buga littafinsa Sarraounia. Tushen labarin gaskiya ne. A 1899 rundunar Kyaftin Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa tana kashe mutane, abin da Birnin Konni ba ta manta ba har yau. A watan Afrilu ta auka wa Lugu, garin Azna, inda mace ke riƙe da sarautar gargajiya da al'amuran tsafi. Mutanen garin suka tare ta da kibau, sa'an nan suka janye cikin kurmi. A takardun Faransawa 'yan layuka kawai abin ya ci. Mamani ya haɗa waɗannan layuka da abin da tsofaffi ke faɗa, sauran kuma ya cike da basirarsa: marainiyar da aka shayar da nonon goɗiya, wadda wani dattijo mai suna Dawa ya rene ta, ya koya mata magani da yaƙi.

Ga ɗan Damagaram, akwai abin lura a wannan zaɓi. Ragowar wannan runduna ce, bayan sojojinta sun kashe Voulet da Chanoine a wajen Tasawa, ta gwabza da dakarun Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini a ƙarshen Yuli 1899, ta ci Zinder. Ke nan Mamani yana da jarumi a ƙofar gidansa. Ya tsallake shi ya ɗauko mace, ba'azna, daga ƙaramin gari, ya kuma nuna yadda manyan sarakunan da ke kewaye da ita suka ƙi agaza mata. Wanda ya ga abin da ya faru a 1958 ba sai an yi masa bayanin wa ake nufi ba. Masana tarihi na cewa Sarauniyar littafin ta fi ta Lugu zama mayaƙiya, kuma suna da gaskiya. Sai dai ta littafin ce ta shiga bakin jama'a.

Abokinsa Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mai da littafin fim a 1986. Ba a ɗauke shi a Nijar ba. Burkina Faso ta Thomas Sankara ce ta ba da fili, 'yar wasan ƙasar Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya, kuma fim ɗin ya lashe babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987.

Mamani ya ƙarasa rayuwarsa a Zinder yana rubutu. Ya ga taron ƙasa na 1991, ya kuma ga ɗan garinsa Mahamane Ousmane ya hau mulki ta hanyar zaɓe a Afrilu 1993. Ranar 3 ga Yuni na wannan shekara ya rasu a hatsarin mota tsakanin Zinder da Yamai, yana kan hanyar zuwa karɓar kyautar adabi ta Boubou Hama. Ya bar rubuce-rubuce da yawa da ba a buga ba. Sai bayan shekara ashirin wasu daga ciki suka fito a Paris, har da littafin Le Puits sans fond, wato rijiya marar ƙarshe.