Sarauniya Mangu ta Lugu

Malamanmu da yawa sun san sunan Sarauniya Mangu, amma galibi a littafin hikaya ko a majigi suka gamu da ita, don haka ya kamata a rarrabe abin da ya tabbata da abin da aka ƙawata.

Lugu wani gari ne a ƙasar Arewa, wajen Dogon Dutsi, cikin Jamhuriyar Nijar. Mutanensa Azna ne, watau Hausawan da suka tsaya bisa tsafin kakanninsu. Sarauniya kuwa sunan sarauta ne, mata ne ke gadonta, Mangu shi ne sunanta. Bisa al'adarsu, in Sarauniya ta mutu akan ɗauki gawarta, ita ce za ta nuna magajiyarta. Wannan suke kira tarkama.

Cikin 1899 Faransa ta aiko da runduna ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine, don su kai Tafkin Cadi. Duk inda suka bi sai ƙone garuruwa da kisan talakawa. Sarakuna da dama suka miƙa wuya, Mangu ta ƙi. Aka gwabza a Lugu cikin watan Afrilu, masu baka da kibiya gaban masu bindiga. Faransawa suka ci garin, sun rasa soja huɗu, amma mutanen suka shige kurmi da Sarauniyarsu, ba a kama ta ba. Rundunar ta wuce ta yi mummunar ɓarna a Birnin Ƙonni. Cikin watan Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda aka aiko ya binciki laifinsa. Kwanaki kaɗan bayan haka sojojinsu suka kashe shi da Chanoine. Azna suka ce asirin Sarauniya ne ya ci su.

To, yaya kamanninta? Nan ne maganar ta rabu. Wani hafsa na rundunar, Laftana Joalland, tsohuwar matsafiya ya kira ta. Labarin baka kuwa ya fi nuna mace mai zaman ɗaki, mai kaɗin auduga, wadda ƙarfinta ke ga iskoki. Wasu ma sun ce rikiɗa ta yi ta zama damisa.

Jarumar da aka fi sani yanzu Abdullahi Mamani ne ya siffanta ta, cikin littafinsa na Faransanci mai suna Sarraounia, wanda aka buga a 1980. Shi ya mayar da ita mace mai ƙuruciya da kwarjini, mai taurin rai, da baka a hannu. Ya ce uwarta ta rasu wajen haihuwarta, wani dattijo Dawa ya goye ta da nonon goɗiya, ya koya mata harbi da sanin itatuwan magani. Labari ne mai daɗi ƙwarai, ba kuwa laifi ga mai hikaya, amma ni a ganina tsohuwar da ta tare bindigogi ba makami a hannunta ta fi ban mamaki.

A 1986 Med Hondo, mutumin Muritaniya, ya mayar da littafin majigi, ya kuwa ci babbar kyautar bikin sinima na Wagadugu a 1987.