R. J. Mitchell, Mutumin Da Ya Zana Jirgin Spitfire

A Ingila da Amurka da Japan da wasu ƙasashe akwai mutane masu sha'awar harhaɗa 'yan ƙananan jiragen sama na yaƙi, irin waɗanda mutum zai iya ɗorawa a tafin hannunsa. Abin ya yi kama da motar kara da yaranmu kan yi bayan girbi, sai dai su da yawansu magidanta ne, kuma da awo suke aikinsu. Awon da aka fi sani shi ne ɗaya bisa 72, watau kowane inci guda na ƙaramin jirgi yana madadin ƙafa shida na babban. Da wuya ka sami mai wannan sha'awa wanda bai taɓa haɗa Spitfire ba, jirgin nan na Ingilishi da ya yi suna a Yaƙin Hitila. Faɗin fukafukan Spitfire na farko ƙafa 36 ne da inci 10, saboda haka ƙaraminsa bai wuce inci shida da 'yar ɗoriya ba. Shi kuwa wanda ya zana babban, ko sau ɗaya bai ga jirginsa ya fita yaƙi ba.

Sunansa Reginald Joseph Mitchell. An haife shi ran 20 ga watan Mayu, 1895, a Butt Lane, kusa da Stoke-on-Trent, yankin da ya shahara da gina tangaran a Ingila. Ubansa hedimasta ne, daga baya ya bar koyarwa ya shiga sana'ar ɗab'i. Yaron ya yi makarantar Hanley, ya fi ƙarfi a lissafi, kuma tun a can ya fara ƙera 'yan jiragen wasa yana tashinsu. Da ya cika shekara 16 aka kai shi koyon aiki a kamfanin Kerr Stuart, masu ƙera kan jirgin ƙasa. Da rana yana cikin maiƙo da ƙarafa, da dare yana makaranta yana karatun lissafi da zanen injiniya. Bai taɓa shiga jami'a ba.

Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sami aiki a Supermarine, wani ɗan ƙaramin kamfani a Southampton da ke bakin teku, wanda sana'arsa ita ce ƙera jiragen sama masu sauka a kan ruwa. An ɗauke shi ne a matsayin mataimakin mai kamfanin, Hubert Scott-Paine. Kafin ka ce kwabo ya zama babban mai zane a 1919, yana da shekara 24, shekara guda bayan nan kuma babban injiniya. A 1918 ya auri wata malamar makaranta, Florence Dayson, suka haifi ɗa guda, Gordon.

Daga 1920 zuwa 1936 Mitchell ya zana jirage iri 24. Yawancinsu na ruwa ne, kuma su ne suka ciyar da kamfanin. Akwai mai suna Southampton na 1925, wanda guda huɗu daga cikinsu suka tashi daga Ingila a 1927 suka je har Singafo da Ostiraliya. Akwai kuma Walrus, wani mummunan jirgi mai injinsa a bisa gadon baya, wanda daga baya ya tsamo direbobin jirgi masu yawa daga teku. Darajar mutumin ta kai ga cewa da babban kamfanin Vickers ya sayi Supermarine a 1928, sai da ya kafa sharaɗi Mitchell zai zauna aƙalla shekara biyar.

Amma abin da ya fito da sunansa duniya shi ne tseren Kofin Schneider. Wannan gasa ce tsakanin ƙasashe ta jiragen da ke tashi daga kan ruwa, kuma ƙasar da ta ci sau uku cikin shekara biyar kofi ya zama nata har abada. Jirginsa Sea Lion II ya ci a Naples a 1922. A 1925 ya kai wani sabon jirgi Amurka, S.4, mai fiffike ɗaya tal a kowane gefe ba tare da wayoyin da ke riƙe shi ba, abin da ba a saba gani ba a wancan zamani. Jirgin ya faɗa ruwa tun ba a fara tsere ba, Allah ya sa direban ya tsira. Mitchell ya koma ya gyara. S.5 ya ci a Venice a 1927 da gudun mil 281 cikin awa guda, S.6 ya ci a 1929 da mil 328. Da 1931 ta zo gwamnatin Ingila ta ce ba ta da kuɗin shiga gasa, don lokacin kasuwar duniya ta faɗi. Sai wata attajira, Lady Houston, ta ba da fam 100,000 daga aljihunta. Faransa da Italiya ba su gama shiri ba suka janye, jirgin Mitchell S.6B ya zagaya shi kaɗai da mil 340, kofi ya tabbata a Ingila. Ran 29 ga Satumba na shekarar jirgin S.6B ya yi mil 407 da rabi, gudun da ɗan Adam bai taɓa yi ba kafin ranar. Sarkin Ingila ya ba Mitchell lambar C.B.E.

Tseren nan makaranta ce mai tsada. A nan ya koyi yadda ake siranta jirgi don ya ratsa iska, da yadda ake huce zafin babban inji, a nan kuma ya ƙulla zumunci da kamfanin Rolls-Royce. An kuwa biya da rayuka. A 1928 wani gwanin direba, Kinkead, ya nutse cikin teku da S.5 yana neman kafa sabon gudu. Waɗanda suka yi aiki da Mitchell sun shaida ba ya samun natsuwa muddin akwai mutum a sama cikin jirgin da ya zana. Mutum ne mai kunya, ba ya son tsayawa gaban taro, yana da 'yar i'ina, ga lofe kullum a baki, ga kuma saurin fushi in aka katse masa tunani. Amma yana sauraron na ƙasa da shi, har ya zaga teburorin masu zane yana tambayar ra'ayinsu.

To, daga nan sai abubuwa biyu suka faɗo masa kusan lokaci guda. Na farko, a watan Agusta na 1933 likitoci suka sami ciwon daji a hanjinsa. Aka yi masa babban aiki, aka buɗe masa wata kafa a gefen ciki wadda ta nan zai riƙa bayan gida har ƙarshen ransa, aka kuma gaya masa ciwon yana iya dawowa. Na biyu, jirgin yaƙi na farko da ya zana wa gwamnati, mai lamba 224, ya tashi a watan Fabrairu na 1934 ya ba da kunya. Fukafukansa masu kauri ne, ƙafafunsa ba sa naɗewa, injinsa kullum cikin zafi, gudunsa duka mil 228. Mutumin da ya wuce mil 400 ke nan! Gwamnati ta zaɓi jirgin wani kamfani, Gloster Gladiator.

Wani da ya sami kansa haka sai ya koma gida ya kwanta. Shi kuwa a cikin shekarar 1934 ɗin ya koyi tuƙin jirgi har ya karɓi lasin, ya kuma sake zane tun daga tushe. Wannan karo ya yi amfani da sabon injin Rolls-Royce wanda daga baya aka sa wa suna Merlin. Ya rufe mazaunin direba, ya sa ƙafafu su riƙa naɗewa cikin fiffike. Matsalar da ta fi ba su wahala ita ce fiffiken kansa. Ana so ya zama siriri don gudu, ga shi kuwa gwamnati ta ce sai ya ɗauki bindigogi takwas, huɗu a kowane gefe, ban da harsashi da ƙafafu. Mafitar da suka samo, shi da wani saurayi ɗan Kanada masanin iska, Beverley Shenstone, ita ce fiffike mai siffar ganye, mai faɗi daga gindi, yana lanƙwasa a hankali har ƙarshe. Wannan siffa ce ta sa ko yaro a Ingila yakan gane Spitfire daga nesa.

Jirgin gwaji, mai lamba K5054, ya tashi ran 5 ga Maris, 1936, daga filin Eastleigh, Mutt Summers na tuƙi. Minti takwas ya yi a sama. Ba da daɗewa ba ya kusa kai mil 350 cikin awa, ran 3 ga Yuni kuma gwamnati ta yi odar guda 310. Sunan Spitfire daga shugabannin Vickers ya fito, an ce shi Mitchell bai ga kyansa ba ko kaɗan.

A cikin 1936 ɗin ciwon ya dawo. Ya ci gaba da zuwa aiki yana zana wani babban jirgin jefa bom mai inji huɗu, har ƙarfinsa ya ƙare a farkon 1937. An riƙa ganinsa cikin motarsa a gefen filin Eastleigh yana kallon jirginsa na shawagi. A watan Afrilu aka kai shi Vienna neman magani, ya dawo ba sauƙi. Ya rasu ran 11 ga Yuni, 1937, a gidansa a Southampton, yana da shekara 42. Jirgin bom ɗin ma bai taɓa tashi ba, don Jamusawa sun ragargaza masana'antar a watan Satumba na 1940 ana cikin ƙera shi.

Fiffiken nan mai kyau ya zama jidali ga maƙera, domin kusan babu miƙaƙƙen layi a jikinsa. Sai a watan Agusta na 1938 Spitfire na farko ya isa hannun soja. A yaƙin sararin Ingila na 1940 ya yi rawar gani, amma gaskiya a faɗe ta, jirgin Hurricane na Sydney Camm ya fi shi yawa a lokacin, ya kuma fi shi kakkaɓo jiragen Jamus. Spitfire ne dai ya kwashe yabon. A 1942 aka yi sinima a kan rayuwar Mitchell, Leslie Howard ya fito a matsayinsa, aka nuna kamar yawan aiki ne ya kashe shi, ba a ko ambaci ciwon daji ba. Mu ma nan da hannunmu a ciki. Kuɗin da aka tara a Nijeriya don taimakon yaƙi ya sa aka raɗa wa ƙungiyar jirage ta 91 sunan ƙasar nan, Spitfire take tuƙawa, har akwai wanda aka rubuta sunan Lardin Oyo a jikinsa.

An ƙera Spitfire 20,351 kafin a daina a 1948, kuma a nan ne masu haɗa ƙananan jirage suka fi yawancin jama'a sanin gaskiyar magana. Tun da kamfanin Airfix ya fara sayar da ɗan Spitfire na roba a kan sule biyu cikin shekarun 1950, duk mai son nasa ya fito daidai sai ya fara tambayar kansa wane Spitfire yake nufi, don iri 24 ne. Farfelar na farko ta katako ce mai kunne biyu, sa'an nan aka yi mai uku, mai huɗu, har mai biyar lokacin da aka sa babban injin Griffon. Wani an datse bakin fukafukansa don yaƙi ƙasa-ƙasa, wani an ƙara masa tsini don can ƙololuwa. Na hamada yana da wani ƙullutu a ƙarƙashin hanci mai tace ƙura. Na ƙungiyar Nijeriya sai an rubuta masa haruffan DL a gefe. Duk waɗannan sauye-sauye Mitchell bai ga ko ɗaya ba. Aikin Joseph Smith ne, wanda ya gaje shi, mutumin da ba a cika tunawa da shi ba.

Har kan ƙusoshin jirgin masu wannan sha'awa sukan yi gardama, kuma suna da hujja. Ƙusa mai shafaffen kai ta fi wuyar bugawa, ta fi tsada. Don a gane ko ta cancanci wahalar, sai ma'aikatan Supermarine suka manna ɓarin wake da gam a kan ƙusoshin K5054, suka mai da su masu tudu. Gudun jirgin ya ragu da mil 22. Daga nan suka riƙa ɓamɓare waken layi-layi suna gwadawa, har suka gano inda mai tudu ba ta da illa.

Wanda ke son ya haɗa jirgin da Mitchell ya gani da idonsa, K5054 ne zai nema, kuma ba zai same shi a gidan tarihi ba. Ran 4 ga Satumba, 1939, kwana ɗaya bayan Ingila ta shiga yaƙi, jirgin ya kife wajen sauka a Farnborough, direban ya rasu, ba a kuma gyara shi ba. Ranar da ya fara tashi ba fenti a jikinsa, daga baya aka shafa masa wani shuɗi-shuɗi mai haske. Hotunansa na lokacin kuwa baƙi da fari ne, shi ya sa masu fenti suka daɗe suna jayayya a kan wane irin shuɗi ne.