Waliyyi Marcellin Champagnat, Firist Mai Gina Makarantun Ƙauye

Kowace shekara a ranar 6 ga watan Yuni Ikilisiya takan tuna da wani firist na ƙasar Faransa wanda ya ƙare ransa yana cin bashi, yana roƙo, yana fasa dutse da hannunsa domin 'ya'yan manoma su sami makaranta. Mun ga ya dace mu kawo tarihinsa a wannan shafi, musamman saboda waɗanda aka ɗora wa nauyin tara gudummawar gina azuzuwa a ƙauyuka, waɗanda sun riga sun san nauyin wannan kaya.

An haifi Marcellin Champagnat ran 20 ga watan Mayu 1789 a wata 'yar unguwa mai suna Le Rosey, a yankin Marlhes, cikin duwatsun da ke kudu maso yammacin birnin Lyon. Shi ne na tara cikin 'ya'ya goma. A shekarar haihuwarsa ce aka soma juyin juya hali na Faransa, wanda ya kori firistoci da masu zaman zuhudu, makarantun ƙauye kuma suka lalace. Mahaifinsa manomi ne mai injin niƙa, a wurinsa yaron ya koyi sassaƙa da gini. Addu'a kuwa ya koye ta wurin mahaifiyarsa da gwaggonsa, wata sista da juyin ya raba da gidan zuhudunta. Ranar da aka fara kai shi makaranta ya ga malamin ya kwaɗa wa wani yaro mari ba gaira ba dalili, sai ya koma gida ya ƙi sake zuwa. Ya kama kiwon tumaki yana sayarwa yana ajiye kuɗi.

Saboda haka da ya shiga ƙaramar seminari ta Verrières a 1805, yana da shekara 16, karatu ya ba shi wuya ƙwarai, har aka so a sallame shi bayan shekara ta fari. Duk wanda ya taɓa zaman seminari ya san kunyar babban saurayi da aka zaunar tare da ƙananan yara yana fama da Latin. Ya daure. A babbar seminari ta Lyon ya yi zama da Jean-Marie Vianney, wanda daga baya ya zama Waliyyin nan na Ars, shi ma ba gwanin littafi ba ne. An naɗa Champagnat firist ran 22 ga Yuli 1816, aka tura shi mataimakin Fada a La Valla, ikilisiya ce ta unguwanni barkatai a kan tuddai, ba a kai musu sai da ƙafa.

A watan Oktoba na shekarar nan aka kira shi wurin wani saurayi da ke bakin mutuwa. Da ya zauna domin ya ji furcin zunubansa, sai ya tarar yaron bai san ko abubuwan farko na bangaskiya ba. Ya ɗauki lokaci yana koya masa, ya shirya shi, ba a daɗe ba yaron ya rasu. Wannan abu ya tsaya wa Fada Champagnat a rai. Ran 2 ga Janairu 1817 ya zaunar da samari biyu, Jean-Marie Granjon da Jean-Baptiste Audras, a wani ƙaramin gida kusa da majami'a, ya fara koya musu karatu da yadda za su koyar. Mafarin ƙungiyar Ƙananan 'Yan'uwan Maryamu ke nan, waɗanda duniya ta sani da 'Yan'uwa Marist.

To, ina kuɗin? A nan ne muke so mu ɗan dakata, gama a nan darasin rayuwarsa ya fi kauri. Gidan nan da bashi aka saye shi. Gadaje da teburin cin abinci shi ya sassaƙa su. Samarin suna noma lambu, suna kuma ƙera ƙusa, sana'ar mutanen yankin, ana sayarwa a sayi abinci. Albashinsa na firist duk a kansu yake ƙarewa, daga baya ma ya bar gidan Fada ya koma ya zauna da su yana cin abin da suke ci. Ya kuma karɓi marayu da yaran da ba su da mai kula da su, ya ciyar da su, mutane suna gunaguni cewa wanda ba shi da na kansa ina shi ina ciyar da wani.

A lokacin akwai ƙungiyar 'yan'uwa malamai da Waliyyi John Baptist de La Salle ya kafa, aikinsu kuwa nagari ne. Amma dokarsu ba ta barinsu su tafi wuri ƙasa da su uku, ɗawainiyar malamai uku kuwa ta fi ƙarfin ƙaramin ƙauye. Fada Champagnat ya auna aljihun ƙauye kafin ya tsara aikinsa. Yakan aika da 'yan'uwa ko da biyu ne, a kan kuɗi ƙasa da na waɗancan. Hukumar gari da Fada na wurin su ba da gida da lambu da kayan zama, iyayen da ke da hali su biya ɗan abu, masu hannu da shuni su cike gibi, ɗan matalauci kuwa ya shiga kyauta. Yara sukan cika aji da hunturu, idan lokacin noma ya yi su watse zuwa gona da kiwo, abin da malaman ƙauyukanmu suka sani sarai da damina. Ta haka aka buɗe makaranta a Marlhes a 1818, da Saint-Sauveur a 1820, da Bourg-Argental a 1822. A ganinmu wannan tsari ya fi kowane gini nasa muhimmanci, domin ƙauyen da ya zuba guminsa a makaranta ba ya barinta ta rushe.

Da 'yan'uwa suka yawaita gidan La Valla ya yi musu kaɗan. A 1824, da iznin Bishop de Pins mai riƙon dayosis na Lyon, ya sayi fili a wani kwari a bakin kogin Gier, kusa da Saint-Chamond, ya soma gina babban gida mai suna Notre-Dame de l'Hermitage. Wurin dutse ne, sai da aka fasa shi. Shi da 'yan'uwa suka yi leburanci tare da magina, suna tashi da asuba su yi Misa a wata 'yar rumfa cikin itatuwa kafin su ɗauki diga. Firistoci da dama sun ce ya zautu, tun da yawancin kuɗin rance ne. Ba za mu ce tsoronsu ba shi da tushe ba. A ƙarshen Disamba 1825 ya kwanta ciwo mai tsanani, labari ya bazu cewa ba zai tashi ba, masu bin bashi suka taso suna barazanar sayar da gidan, wasu 'yan'uwa suka fara tunanin komawa gida. Ɗan'uwa Stanislas, mai jinyarsa, shi ya tafi wurin Fada Dervieux na Saint-Chamond, wanda a dā yana cikin masu sukar aikin. Fada Dervieux ya ɗauki nauyin basusukan da suka fi matsawa, ya kuma kai mara lafiyan gidansa ya murmure. Fada Champagnat ya tashi, amma cikinsa bai sake komawa daidai ba har mutuwarsa.

Abu ɗaya ya nema bai samu ba. Yana so gwamnati ta amince da ƙungiyar bisa doka, domin in ba haka ba ana iya kwashe malamansa matasa zuwa aikin soja. A 1838 ya yi watanni a Paris yana bin ofisoshi, ya dawo hannu wofi. Sai a 1851 aka ba da takardar, shekara 11 bayan rasuwarsa.

A 1839 'yan'uwa suka zaɓi Ɗan'uwa François Rivat, wanda ya zo wurinsa tun yana ɗan shekara 10, ya gaje shi. Fada Champagnat ya rasu a Hermitage da asubahin Asabar, 6 ga Yuni 1840, yana da shekara 51. Ya bar 'yan'uwa wajen 280 da makarantu 48 masu yara kimanin 7,000. 'Ya'yansa sun iso Nijeriya a 1949, suka fara aiki a Orlu, a gabashin ƙasar. Paparoma Pius na 12 ya sa shi cikin Masu Albarka a 1955, Paparoma John Paul na 2 kuma ya ayyana shi Waliyyi ran 18 ga Afrilu 1999. Teburin nan da ya sassaƙa wa samarinsa na fari yana nan a gidan La Valla, masu ziyara suna zuwa ganinsa.