Raja Ravi Varma

Raja Ravi Varma (29 ga Afrilu, 1848 zuwa 2 ga Oktoba, 1906) mai zane ne ɗan ƙasar Indiya daga masarautar Travancore, wadda yanzu take cikin jihar Kerala. Ya yi suna wajen zana labaran addinin Hindu da fentin mai irin na Turawa. Maɗaba'ar da ya kafa a Bombay ta buga zane-zanensa da yawa kuma da araha, har hoton da ya yi na Lakshmi, abar bautar da 'yan Hindu suke dangantawa da dukiya da wadata, ya shiga gidaje da shagunan Indiya, ya zama siffar da aka fi saninta da ita.

Farkon rayuwa

An haife shi a gidan sarautar Kilimanoor. Mahaifinsa, Neelakanthan Bhattatiripad, masanin harshen Sanskirit ne, mahaifiyarsa Umayamba kuwa marubuciyar waƙoƙi ce. A al'adar gidajen sarautar Kerala ta wancan zamani, ɗa na dangin uwa ne, ta wajenta ake bin gado da sarauta. Saboda haka a hannun kawunsa, Raja Raja Varma, ya tashi, kuma shi ya fara koya masa zane.

Yana ɗan shekara 14 aka kai shi fadar Sarki Ayilyam Thirunal a birnin Thiruvananthapuram. A can ya ga zane-zanen Turai, ya kuma lura da yadda wani Bature mai suna Theodor Jensen yake aiki da fentin mai. A 1866 ya auri Bhageerathi Bayi daga gidan sarautar Mavelikkara, suka haifi 'ya'ya biyar, maza biyu da mata uku.

Shahara

A 1873 ya samu lambar zinariya a baje kolin Madras, aka kuma karrama aikinsa a Vienna a wannan shekarar. Daga nan sarakuna suka fara gayyatarsa. Ya je Baroda a 1881 bisa gayyatar Sir T. Madhava Rao, wazirin masarautar. Daga baya Sarki Sayajirao na Uku ya ba shi aikin zane 14 daga labaran Ramayana da Mahabharata domin ƙawata sabuwar fadarsa, Lakshmi Vilas. A 1893 an nuna zane-zanensa goma a baje kolin duniya na Chicago a Amurka. Ƙanensa, C. Raja Raja Varma, shi ne abokin tafiyarsa da aikinsa a duk waɗannan shekaru.

Lakshmi da bautarta

A addinin Hindu, Lakshmi matar Vishnu ce, ana kuma kiran ta Shri. Masana harshe suna danganta sunanta da wani tushe na Sanskirit mai ma'anar alama ko lura da abu. Labarin da ya fi yaɗuwa ya ce ta fito ne lokacin da alloli da abokan gabarsu suka haɗu suka burka tekun madara, dutsen Mandara ya zama maburgi, macijin Vasuki ya zama igiya. Ana ɗaukar Sita, matar Rama, da Rukmini, matar Krishna, a matsayin dawowarta duniya. An ce tana da yaya mai suna Alakshmi, wadda ke wakiltar tsiya da husuma.

Babbar ranar bautarta tana cikin bikin Diwali, a daren da babu farin wata, tsakanin Oktoba da Nuwamba. Ana share gida a wanke shi, a yi ado da garin launi a bakin ƙofa, a kunna fitilun mai na yumɓu, domin masu bautarta sun yi imani cewa ba ta shiga gida mai ƙazanta ko duhu. Ana ajiye furanni, kayan zaƙi da tsabar kuɗi a gaban hotonta ko gunkinta. A yammacin Indiya 'yan kasuwa sukan buɗe sababbin littattafan lissafi a wannan lokaci.

Ganin abin bauta ido da ido babban rukuni ne na ibadar Hindu, ana kiran sa darshan. Amma a zamanin Varma, a Travancore da wurare da dama, an hana mutanen da tsarin aji na gado ya ajiye a ƙasa shiga gidajen bauta. Wannan ne ya sa hoton da za a iya saya a kasuwa a rataya a ɗaki ya zama muhimmin abu.

Varma ya zana Lakshmi a siffar mace kamar yadda ake ganin mata a zahiri, sanye da jan sari da kayan ado na zinariya. Tana tsaye a kan furen lotas, mai kama da bado, a tsakiyar tafki, da hannaye huɗu, ga giwa cikin ruwa kusa da ita. Alamomin duk na tsohuwar al'ada ne. Abin da ya ƙara shi ne haske da inuwa da zurfi irin na zanen Turai.

Maɗaba'a

A 1894 ya buɗe maɗaba'a a Bombay, da injuna da ma'aikata daga Jamus. Ana buga hoton ne da faifan dutse, kowane launi da nasa dutsen, a yi ta maimaitawa a kan takarda ɗaya har ya fito kamar zanen fentin mai. Hotunan Lakshmi da na Saraswati, abar bautar ilimi, suna cikin waɗanda suka fi karɓuwa.

Sai dai kasuwancin bai yi wa Varma riba ba. Annobar da ta ɓarke a Bombay a 1896 ta durƙusar da harkoki, aka mayar da maɗaba'ar Malavli kusa da Lonavala. Masu kwaikwayo sun cika kasuwa da jabun hotunansa, bashi ya taru. A farkon ƙarni na 20 ya sayar da ita ga Fritz Schleicher, Bajamushen da ke kula da injunan, wanda ya ci gaba da buga hotunan shekaru da yawa. Daga baya siffofin sun bazu a kalanda, kwalin ashana da tambarin yadi.

Ƙarshen rayuwa

A 1904 gwamnatin mulkin mallaka ta Birtaniya ta ba shi lambar zinariya ta Kaisar-i-Hind. Ƙanensa ya mutu a 1905, abin da ya girgiza shi ƙwarai. Shi ma ya mutu a shekarar da ta biyo baya, yana da shekara 58, bayan fama da ciwon sukari.

Suka da tasiri

Bayan mutuwarsa, masu ra'ayin farfaɗo da zanen gargajiya, irin su Ananda Coomaraswamy da mabiya makarantar Bengal, sun soke shi da cewa ya kwaikwayi Turawa, ya mayar da alloli kamar 'yan wasan kwaikwayo. Wannan suka ba ta rage farin jininsa wajen talakawa ba.

Dadasaheb Phalke, wanda ya shirya fim ɗin Raja Harishchandra a 1913, ya taɓa yin aiki da maɗaba'ar, kuma shigar alloli da jarumai a finafinan Indiya na farko ta bi sawun zanen Varma. Finafinan Indiya sun samu masu kallo da yawa a ƙasar Hausa tun daga shekarun 1950, don haka hotunan Lakshmi da ake hangowa a shaguna da ɗakunan bauta cikin irin waɗannan finafinai sukan kasance na wannan salo ne.

Jikokinsa mata biyu, Sethu Lakshmi Bayi da Sethu Parvathi Bayi, an shigar da su gidan sarautar Travancore a 1900. Ta farkon ta riƙe sarautar daga 1924 zuwa 1931. Ɗan ta biyun, Sarki Chithira Thirunal, shi ne ya ba da sanarwar 1936 da ta buɗe gidajen bautar masarautar ga kowane ɗan Hindu. Ana iya ganin zane-zanen Varma a gidan zane na Sri Chitra da ke Thiruvananthapuram da gidan tarihi na Maharaja Fateh Singh da ke Vadodara.