Karl Cerni, malamin makaɗa

Ya kai mai karatu, in makaɗi ya yi kiɗa mai daɗi, kowa shi yake yaba ma. Ba a cika tambaya wa ya koya mishi ba. To, yau labarin wani malamin kiɗa za ka karanta. Sunansa Karl Cerni. Ya yi zamani a ƙasar Turai, ya rasu tun shekara ta 1857. Amma har yanzu yaran da ke koyon piyano a duniya da littattafansa suke horon yatsunsu.

Mine ne piyano?

Piyano wani babban akwatin kiɗa ne na katako. A cikinsa akwai tsirkiyoyi na waya masu yawa. A gabansa akwai maɓallai farare da baƙaƙe a jere. In ka danna maɓalli ɗaya, sai wata ƴar guduma ta bugi tsirkiya, murya ta fito. In ka danna a hankali, muryar ta fito a hankali. In ka danna da ƙarfi, ta fito da ƙarfi. A ƙasar Italiya aka ƙirƙiro shi wajen shekara ta 1700. Piyanon yau yana da maɓalli 88, amma na zamanin ƙuruciyar Cerni bai kai hakan ba. Da yatsu goma duka ake kaɗa shi. Ka ga ke nan ba abin da za a iya a kwana biyu ba ne.

Ɗan malamin da ba shi da kuɗɗi

An haifi Karl Cerni ran 21 ga watan Fabrairu na 1791 a birnin Biyana, babban birnin ƙasar Ostiriya. Iyayensa ƴan ƙabilar Cek ne, kuma harshen Cek ake yi a gidansu. Shi kaɗai suka haifa. Ubansa, Wenzel, malamin piyano ne, amma talaka. Yana wata shida da haihuwa uban ya samu aikin koyarwa a gidan wani basarake a ƙasar Polan, sai suka ƙaura can. A 1795 suka komo Biyana.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Karl yana shekara 3 ya fara taɓa piyano. Yana shekara 7 ya fara tsara kiɗa na kansa. Ubansa ne malaminsa na farko. Bai bar shi yawon wasa da yara ba, kullum yana gida, ga piyano ga takarda. A 1800, yana shekara 9, ya yi kiɗa a gaban jama'a karo na farko. Wani kiɗa mai wuya na Mozar ya kaɗa musu.

Gaban Betoben

A Biyana a lokacin nan akwai wani makaɗi da ba a da kamarsa, sunansa Betoben. Wani mai goge, aminin gidan su Karl, shi ya kai yaron wurinsa. Karl yana wajen shekara 10. Daga baya ya rubuta abin da ya gani ran nan. Sun hau bene mai tsawo. Ɗakin a hargitse, takardu da tufafi ko'ina a watse. Betoben ya kwana biyu bai yi aski ba, ga auduga ya cusa a kunnuwa, don tun lokacin ciwon kunne ya fara damunsa.

Yaron ya zauna ya kaɗa kiɗan Mozar, sannan ya kaɗa na Betoben kansa. Betoben ya gamsu. Ya gaya ma uban zai karɓi yaron, a riƙa turo mishi shi, kuma a saya mishi littafin koyon kiɗa na wani tsohon gwani mai suna Emanuwel Bak.

Kana tsammani daga nan sai manyan kiɗe-kiɗe? A'a. Betoben mayar da shi ya yi farko. Makonnin fari duka hawa da sauka kan maɓallai kawai yaron yake yi. Ya koya mishi yadda ake aza hannu, da yadda ake amfani da babban yatsa, da yadda ake haɗa murya da murya ba tare da yankewa ba. Sun yi wajen shekara uku a haka, kuma zumuncinsu bai yanke ba har Betoben ya rasu a 1827.

Karl yana da kaifin riƙo ƙwarai. Akwai wani basarake mai suna Licnobski da ke kiransa gida. Basaraken sai ya faɗi lambar kiɗan Betoben da yake so, yaron ko ya kaɗa mishi da ka, ba ya duba takarda.

Hanya ta rabu biyu

A zamanin nan, yaro mai baiwa irin wagga yawon ƙasashe ake kai shi. Ya yi kiɗa gaban sarakuna, ya samu suna da dukiya. A 1805 an shirya ma Karl irin wanga tafiya. Betoben ma ya rubuta mishi takardar shaida. Amma tafiyar ba ta yiwu ba. Iyayensa sun manyanta, ba su iya bin sa. Ga yaƙi ya cika Turai, har sojojin Napoleyon na Faransa sun shiga Biyana a shekarar. Shi kuma Karl mutum ne mai kunya, ba ya son nuna kai a gaban taro.

Sai ya zauna gida. Yana shekara 15 ya kama sana'ar ubansa, koyar da piyano.

Ka san a lokacin ba rediyo, ba kaset. Wanda ke son jin kiɗa a gidansa, dole a samu mai kaɗa mishi. Shi ya sa sarakai da attajirai suke sayen piyano, su ɗauki malami ya koya ma ɗiyansu, musamman ƴan mata. Malamin ba albashin wata yake ɗauka ba. Darasi ɗaya, kuɗɗi ɗaya. Ranar da bai koyar ba, ba shi da kome.

Cerni ya riƙe aikin da gaske. Yakan fara da ƙarfe 8 na safe, sai ƙarfe 8 na dare ya gama. Yakan ba da darasi har 12 a yini. In ya komo gida da dare, sai ya zauna rubuta kiɗa. Da wanga aiki ya ciyar da uwarsa da ubansa. Sunansa ya bazu, har ya zamo cikin malaman da aka fi biya da tsada a birnin.

Amma kome da farashinsa. Duk da ya kaɗa wani babban kiɗa na Betoben a gaban jama'ar Biyana a 1812, daga baya lokacin horon kansa ya ƙwace mishi. Wata rana Betoben ya roƙe shi ya sake fitowa ya yi kiɗa a taro. Cerni ya ba shi haƙuri. Ya bayyana mishi cewa shekarun ƙarfinsa duka a koyarwa suka tafi, ba ya samun sukunin shirya kansa yadda ya kamata. Betoben ya fahimta, bai matsa mishi ba.

Faɗan malami da ladabin almajiri

A 1816 wani abu ya faru. Cerni yana kaɗa wani kiɗa na Betoben a taro, sai ƙuruciya ta ja shi ya ƙara wasu ƴan ƙawace-ƙawace na kansa. Betoben ya fusata, ya yi mishi faɗa a gaban mutane. Washegari kuma ya aiko mishi da wasiƙa ta ban haƙuri. Cerni bai riƙe abin a zuciya ba. Darasi ya ɗauka. Daga baya shi da kansa ya riƙa gargaɗin ɗalibai kada su ƙara ko su rage kome a kiɗan Betoben.

Betoben ya amince da shi har ya danƙa mishi ɗan ƙanensa, shi ma Karl sunansa, don ya koya mishi piyano. Ya kuma ba shi shawara: in yaro ya iya aza yatsu daidai, kada a riƙa tsayar da shi kan kowane ƙaramin kuskure. A bari ya kai ƙarshe, sannan a nuna mishi inda ya kauce. Cerni kuma ya ɗauki wata al'ada. Kowace Lahadi yakan tara ɗalibansa a gida su yi kiɗa gaban baƙi, don su saba da idon jama'a. Wani lokaci Betoben da kansa yakan zo.

Yaron da aka koya ma kyauta

A 1819 wani mutum daga wani ƙauye na ƙasar Hangari ya zo da ɗansa mai shekara 8. Sunan yaron Faranz List. Siriri ne, kamar marar lafiya. Da ya hau kujerar piyano sai ya yi ta layi kamar zai faɗi. Yatsunsa ba tsari, inda suka ga dama suke sauka. Amma Cerni ya ga baiwar da bai taɓa ganin irinta ba.

A 1822 iyayen suka ƙauro Biyana. Uban ma'aikaci ne a gonakin wani basarake, ba mai hali ba ne. Wani shahararren malami da suka fara nema ya yanka musu kuɗɗin da ba su iya biya. Cerni ko ya karɓi yaron, bai amshi ko tamma ba. Bayan ya gama aikin yini, da maraice yake zama da shi.

Abin da Betoben ya yi mishi, shi ya yi ma List. Ya ɗauke mishi manyan kiɗe-kiɗe, ya mayar da shi ga hawa da sauka kan maɓallai. Yaron bai so ba, amma malamin bai sassauta ba. Sun yi shekara ɗaya da ƴan watanni. A 1823 uban ya ɗauke ɗansa zuwa Paris. Cerni ya ga an yi gaggawa, amma ba shi da ikon hanawa.

List ya girma ya zama makaɗin piyano da ya fi kowa suna a zamaninsa. Bai manta alheri ba. A 1852 ya fitar da wasu kiɗe-kiɗe 12 masu wuyar gaske, ya sadaukar da su ga tsohon malaminsa. Shi ma da ya manyanta, ɗalibai da yawa ya koyar ba tare da karɓar kuɗɗi ba.

Akwai kuma wani ɗalibin Cerni mai suna Leshetiski. Shi ma malami ya zama, ya koyar da ɗaruruwan makaɗa. Ɗaya daga cikinsu, Padarebski, har ya zama firaminista na ƙasar Polan a 1919. Dubi yadda sani ke tafiya daga hannu zuwa hannu.

Littattafansa

Cerni ya san ba kowa ke iya zuwa wurinsa ba. Don haka ya rubuta darussan horon yatsu, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Turawa sukan ba kowane aikin makaɗi lamba. Na Cerni sun kai lamba 861, kuma in an haɗa duka abin da ya tsara ya wuce 1000. Lamba 599 na masu farawa ne. Lamba 299 na koyon sauri ne. Lamba 740 na waɗanda suka yi nisa ne. Lamba 500, wanda ya fito a 1839, babban littafi ne da ya tara dukan hanyarsa ta koyarwa. An ce tebur huɗu yake ajiyewa a ɗakinsa. In ya cika shafi a wannan, sai ya matsa ga na gaba kafin tawada ta bushe.

Ba kowa ya yaba mishi ba. Wasu manyan makaɗa, kamar Shuman, sun ga kiɗansa ya yi yawa kuma ba zurfi. Gaskiya ne ya rubuta ƙananan kiɗe-kiɗe barkatai don masu buga littattafai suna saye. Amma ya tsara manyan ayyuka da kiɗan coci, waɗanda da yawansu ya adana a gida, ba a buga su ba yana raye.

Ƙarshen rayuwarsa

Wajen 1836 ya rage koyarwa, sai ɗalibi ɗaya ɗaya mai baiwa yake karɓa. Sai a lokacin, bayan rasuwar iyayensa, ya samu sukunin ganin duniya. A 1837 ya je Paris da Landan. Bai taɓa aure ba, bai bar ɗa ba. Kyanwoyi yake kiwo a gida, su ne abokan zamansa.

Ya rasu a Biyana ran 15 ga watan Yuli na 1857, yana da shekara 66. Ya bar dukiya mai yawa, don bai kasance mai almubazzaranci ba. A wasiyyarsa ya ba matar da ke kula mishi da gida rabo. Ya ba ƙungiyar masu son kiɗa ta Biyana. Sauran ya raba ma gidajen taimako, har da gidan kula da kurame. Ka tuna malaminsa Betoben kurma ya rasu.

To, mai karatu, ka ji yadda Cerni ya yi. An shirya mishi hanyar suna, ya zaɓi zama kusa da iyayensa. An koya mishi da haƙuri, shi ma ya koyar da haƙuri. Ɗan talaka ya zo mishi, bai kore shi don rashin kuɗɗi ba. In wata rana ka ji makaɗi ya burge ka, ka tambaye shi sunan malaminsa.

Tambayoyi

1. A wane gari aka haifi Karl Cerni, kuma a wace shekara?
2. Don mi bai tafi yawon kiɗa ba a 1805?
3. Da wane darasi Betoben ya fara koya mishi?
4. Mi Cerni ya yi ma Faranz List, kuma yaya List ya rama alherin?