Booker T. Washington: Ɗan Baiwar da Ya Gina Makaranta da Bulon Ɗalibansa

Duk wanda ya taɓa zama cin abinci a bakin get ɗin makarantar nan ya san yaran da nake nufi. Suna tsaye a gefe da 'yar roba a hannu, suna jiran wani ya rage. Wasunsu ke wanke mana kwanuka a ɗakunan kwana, wasu kuma suna bin mu da ruwan leda lokacin da sa'o'insu ke cikin aji. Su ne suka faɗo mini a rai da na karanta tarihin Booker T. Washington, domin shi ma daga bakin ƙofa ya fara leƙen aji, yana ɗauke da littattafan wata.

An haife shi a 1856 a wani ƙaramin gandu a jihar Virginia ta Amurka, zamanin da bauta ke nan daram. Mahaifiyarsa Jane baiwa ce, ita ke dafa wa masu gandun abinci. Mahaifinsa wani farar fata ne da bai taɓa waiwayarsa ba. Cikin ayyukan da ake sa shi yana ƙarami har da raka 'yar ubangidansa makaranta, ya riƙe mata littattafai, idan sun isa ita ta shige shi ya juya. A lokacin doka ce ta hana a tara baƙaƙen fata a koya musu karatu da rubutu a jihar.

Da aka gama yaƙin basasar Amurka a 1865 aka 'yanta bayi, yana ɗan shekara tara. Iyalin suka yi ƙaura zuwa Malden a West Virginia, inda mijin mahaifiyarsa ya samu aiki a wurin dafa gishiri. 'Yanci ya zo, amma talauci bai tafi ba. Tun da asuba ake tada yaron ya je cusa gishiri a ganguna. Kowane ma'aikaci yana da lambar da ake rubutawa a jikin gangunansa, ta mijin mahaifiyarsa kuwa 18 ce. Wannan lambar ita ce abu na farko da ya iya ganewa a rubuce. Daga baya mahaifiyarsa, wadda ita kanta ba ta iya karatu ba, ta samo masa ɗan littafin koyon baƙaƙe, ya riƙa fama da shi shi kaɗai.

Ko da aka buɗe makarantar baƙaƙen fata a garin, sai da aka sha daru kafin a bar shi ya shiga, saboda gidan ba zai iya rasa kuɗin da yake kawowa ba. Aka daidaita a kan ya yi aiki da sassafe, ya je aji, ya dawo ya ci gaba da aiki. A nan ne ma ya samu sunansa na biyu. Da malami ke kiran suna ya ga kowa yana da suna biyu, shi kuwa Booker kawai ya sani, sai ya ƙara wa kansa Washington. Bayan gishiri ya koma ramin haƙar kwal, kuma a cikin ramin ne ya ji wasu ma'aikata biyu suna hirar wata makaranta da ake kira Hampton, wadda ɗan talaka zai iya yin aiki a cikinta ya biya kuɗin zamansa.

A 1872, yana da shekara goma sha shida, ya kama hanya. Tafiya ce ta ɗaruruwan mil, wani wurin a keken doki, wani wurin a ƙafa. Kuɗinsa suka ƙare a birnin Richmond, ya riƙa kwana a ƙarƙashin wata hanyar katako, da rana yana sauke ƙarfe daga jirgin ruwa. Ya isa Hampton da senti 50 a aljihu, ga dauɗa, ga yunwa. Shugabar malamai ta dube shi ta yi jim, can sai ta ce ya je ya share wani aji. Ya share sau uku, ya goge ƙura sau huɗu. Ta zo ta shafa farin hankici a jikin benci ba ta ga komai ba, ta ɗauke shi. Wannan sharar ita ce jarrabawarsa ta shiga, kuma da aikin shara da hura wuta ya riƙe kansa har ya gama a 1875. Ya koma Malden ya koyar, daga baya Hampton ta kira shi ya zama malami.

To, ga inda labarin ya shafe mu mu 'yan foliteknik. A 1881 majalisar jihar Alabama ta amince a buɗe makarantar horar da malamai baƙaƙen fata a garin Tuskegee. Wanda ya yi ruwa ya yi tsaki a wannan magana shi ne Lewis Adams, tsohon bawa da bai taɓa zama a aji ba amma ya ƙware a ƙira da ɗinkin takalma. Shugaban Hampton, Samuel Armstrong, ya ba da sunan Washington, lokacin yana ɗan shekara 25. Da ya iso sai ya tarar babu komai. Gwamnati ta ware dala 2,000 a shekara don albashin malamai kaɗai, ba fili, ba gini, ba littafi. Ranar 4 ga Yuli 1881 ya fara da ɗalibai 30 a wata ruɓaɓɓiyar bukka kusa da coci. Idan ana ruwa, wani ɗalibi ke riƙe masa lema yana koyarwa.

Ya ciyo bashi ya sayi wani tsohon gandu a kan dala 500, ya ce ɗalibai da kansu za su gina makarantarsu. Da yawa ba su so ba, kuma suna da hujja: iyayensu sun ƙare rayuwa suna aikin ƙarfi a banza, su kuma sun zo ne su tsere wa wannan. Bai yi ta doguwar lacca ba, shi ya fara ɗaukar gatari ya shiga sharar daji, suka bi shi. Suka zo yin jan bulo, matoya ta farko ta lalace, ta biyu ta lalace, ta uku ta rushe cikin dare. Babu ko sisi a hannunsa, sai ya jinginar da agogonsa a kan dala 15 aka gina ta huɗu, ita ce ta yi. Agogon dai bai ƙara dawowa hannunsa ba. Bayan 'yan shekaru har fararen fatan yankin suna zuwa sayen bulo a makarantar.

A Tuskegee kowane ɗalibi yana karatun littafi yana kuma koyon sana'a: kafinta, gini, ƙira, ɗinki, ɗab'i, noma. Manufar ita ce idan ya gama ya koma ƙauye ya koyar, ya iya gyara rufin ajinsa, ya kuma nuna wa iyayen yara yadda za su fita daga ƙangin bashin noman auduga. A 1896 ya ɗauko masanin noma George Washington Carver, a 1906 kuma suka fara fita da keken doki cike da kayan aiki suna bin ƙauyuka, wato makaranta ce ke zuwa wurin manomi tunda manomi ba zai iya zuwa ba.

Amma fa kada mu mayar da shi waliyyi. A watan Satumba na 1895 ya yi wani jawabi a Atlanta a gaban taron fararen fata da baƙaƙe, inda ya nuna cewa baƙaƙen fata su fara mayar da hankali kan sana'a da tara abin kansu, su jingine maganar cuɗanya da neman daidaito a zamantakewa. Fararen fata suka yi ta tafi, ƙofofin attajirai suka buɗe masa, har shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya gayyace shi cin abinci a fadarsa a 1901. Sai dai shekara ɗaya bayan jawabin, kotun ƙolin Amurka ta halatta wariyar launin fata a wuraren jama'a, jihohin kudu kuma suka bi ɗaya bayan ɗaya suna ƙwace wa baƙaƙen fata ƙuri'a.

A 1903 W. E. B. Du Bois, baƙar fata na farko da ya yi digirin digirgir a Harvard, ya fito ya soke shi a rubuce. Hujjarsa ita ce wanda ba shi da ƙuri'a ba zai iya kare shagonsa ko gonarsa ba, kuma idan aka ce ɗan talaka sana'a kawai ta dace da shi, an yanke masa iyaka tun kafin a gwada ƙwaƙwalwarsa. Ai ko malaman Tuskegee ɗin, a manyan jami'o'i da yawansu suka yi karatu. Gaskiya wannan suka tana da nauyi, kuma duk mai riƙe da difloma da ya taɓa ganin tallar aiki an rubuta masu digiri kaɗai ya san yadda ake amfani da sunan sana'a a ajiye mutum a ƙasa. Abin da mutane ba su sani ba sai bayan mutuwar Washington, da aka buɗe takardunsa, shi ne yana biyan kuɗin lauyoyi a ɓoye don ƙalubalantar dokokin hana ƙuri'a, ciki har da wata shari'a daga Alabama da ta kai kotun ƙoli a 1903. A fili yana lallaɓawa, a ɓoye yana faɗa. Ko wannan hikima ce ko sassauci ne da ya yi yawa, har yau masana tarihi ba su gama musu ba.

Aikinsa da ya fi taɓa yaran talakawa ya zo ne a ƙarshen rayuwarsa. A ƙauyukan kudu yaran baƙaƙen fata suna karatu ne a coci ko bukka, na 'yan watanni a shekara, domin hukumomi sun karkatar da mafi yawan kuɗin ilimi ga makarantun fararen fata. A 1912 Julius Rosenwald, shugaban kamfanin Sears, ya ba Tuskegee kyautar dala 25,000 a raba wa wasu makarantu. Aka samu ragowar dala 2,800, Washington ya roƙi a bar shi ya gwada gina ƙananan makarantu shida a ƙauyukan Alabama. Tsarin mai sauƙi ne. Asusu zai ba da wani kaso, mutanen ƙauye su kawo fili da katako da ƙarfinsu da abin da suka iya tarawa, hukumar yanki kuma ta yarda za ta sa nata kuɗin ta kuma riƙe makarantar. Malaman zanen gini na Tuskegee suka fitar da taswira mai manyan tagogi, saboda babu lantarki, hasken rana ne fitila.

Washington bai ga ƙarshen abin ba. Ya rasu ranar 14 ga Nuwamba 1915 a Tuskegee yana da shekara 59, ya bar makaranta mai ɗalibai wajen 1,500 da gine-gine sama da 100. Shirin makarantun ƙauyen kuwa ya ci gaba har 1932, aka gina kusan makarantu 5,000 a jihohi 15. John Lewis, wanda daga baya ya zama jigo a gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen fata kuma ɗan majalisa, a irin wannan makarantar ya yi karatu. Kun ga ke nan yaran da aka gina wa aji sun girma sun je sun nemo ƙuri'ar da Du Bois ke magana a kai.

Akwai lissafin da ya fi tsaya mini a rai. Idan aka tara kuɗin da aka kashe a ginin makarantun nan, abin da talakawan baƙaƙen fata suka haɗa ya ɗan zarce abin da attajirin ya bayar, kaso mafi girma kuma daga baitulmalin hukuma ya fito. Wato manoman da ba su mallaki gonar da suke nomawa ba, da suka riga suka biya haraji, sun sake sa hannu a aljihu don 'ya'yansu su samu abin da yaran wasu ke samu kyauta. Wannan zalunci ne, ba abin yabo ga hukuma ba. Amma wannan sa hannun nasu ne ya ja hukumar da ta yi shekaru tana kau da kai har ta fito da kuɗi. Iyayen da ake cewa ba su damu da karatu ba, da aka nuna musu ƙofa su suka fara ɗebo yashi.

Mu a nan Najeriya muna da doka tun 2004 da ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro. Yaran bakin get ɗinmu suna cikin wannan kowane yaron. Abin da na ɗauka daga rayuwar mutumin nan shi ne a riƙe abu biyu lokaci guda: a fara da abin da ke hannu kamar Washington, kada kuma a daina bin haƙƙi kamar Du Bois. Muna da 'yan sashen gini da za su iya zana aji, da masu iya haɗa benci, da masu iya ɗaura sola, sauranmu kuma ko ba komai mun iya koyar da baƙi da wasali. Ajujuwanmu a rufe suke kwana daga la'asar.

Ni dai saura mini 'yan watanni in karɓi sakamako in yi gaba, don haka ga waɗanda ke bayanmu da shugabannin ƙungiyar ɗalibai nake miƙa wannan magana. A nemi izinin aji ɗaya da yamma, a je a gaida malaman tsangayu da iyayen yaran a nemi yardarsu, a kuma rubuta wa hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma da sunayen yaran da ba a yi wa rajista ba. Kafin nan, gobe idan yaron nan ya zo karɓar kwanukanka, tambaye shi ko ya iya rubuta sunansa. Idan bai iya ba, kana da biro, kana da bayan takardar lacca. Allah Ya sa mu dace.