Alhassan Ɗantata da lissafin kwanakin hanya

Kawuna dillalin shanu ne a kara, kusa da mayankar Kumasi. Bara ya riƙe bijimai shida har mako uku yana jiran farashi ya tashi. Farashin ya ɗan tashi kam, amma kuɗin ciyawa da ruwa da na yaron da ke tsaro sun riga sun cinye ribar, shanun ma sun rame. Da na mayar da abin lissafi a allo don ɗalibaina, sai na tuna da wani mutum da ya taka ƙasar nan yana saurayi, ya kuma gane wannan lissafi tun da wuri: Alhassan Ɗantata.

An haife shi a Bebeji, ƙasar Kano, a 1877, cikin Agalawa, zuriyar fatake. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa ta taho Akra, aka bar shi hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Daga nan sunan ya samo asali. Da ya tasa sai ya biyo sawun uwarsa, ya shiga fataucin goro.

A zamanin, ayari kan yi watanni tsakanin Kano da Gwanja. Jakuna su ci, mutane su ci, a biya fito a kogi, a biya kuɗin wucewa a garuruwa, goro kuma yana buƙatar yayyafi da sauya ganye, in ba haka ba ya lalace. Jarin mutum yana ɗaure a hanya, ba ya juyawa. Jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, kuma Ɗantata na cikin Hausawan farko da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Legas. Kuɗin jirgi ya fi na jaki zafi a aljihu, gaskiya ne. Sai dai wanda ya juya jarinsa sau da yawa a shekara ya wuce wanda ya juya sau ɗaya, ko da ribar kowace tafiya ba ta kai ba.

Shanu ma suna cikin hajarsa, tare da tufafi da duwatsun ado da hatsi. A ganina babu hajar da ke hukunta mai jinkiri kamar saniya. Atamfa za ta kwana a shago ba ta nemi komai ba. Saniya kuwa dukiya ce mai baki, kullum sai ta ci, in an koro ta da ƙafa kuma naman da za a sayar ne ke zubewa a hanya. Ga mahauta da ke ɗauka bashi, sai sun sayar su biya, maigida ne ke tsaya musu. Har yau haka ake yi da shanun da ke shigo mana daga Burkina Faso da Mali, motar ce kawai ta maye gurbin ƙafa.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai liƙe wa haja ɗaya ba. Bayan jirgin ƙasa ya kai Kano, Turawa suka buɗe cinikin gyaɗa, a 1918 ya fara saya wa kamfanin Niger Company. Ya raba kuɗi ga wakilai suna shiga ƙauyuka, har ya zama babban mai sayen gyaɗa. Da bankin Ingila na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano a 1929, ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙuma 20. Yarana a aji sun yi ta dariya da jin haka, wai ina ma a ga layin raƙuman a ƙofar banki.

Ya rasu a Kano ranar 17 ga Agusta, 1955, ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Allah ya jiƙansa. Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa.